Kifin Mako a Kan Sikeli: Tarihin Fatsar Nishaɗi da Hukuncin Kisa Don Wasa

Mako wani nau'in kifin shak ne da ke rayuwa a tsakiyar teku, nesa da gaɓa, cikin ruwa mai ɗumi da mai matsakaicin sanyi. Sunan ya fito ne daga bakin Mawori, mutanen asali na Niyu Zilan, waɗanda suka ɗauki haƙoransa kayan daraja, suna rataya su a kunne. Masana sun raba shi gida biyu: mai gajeren fiffike, wanda aka siffanta a 1810, da mai dogon fiffike, wanda ba a bambance shi ba sai 1966. Na farkon shi masu fatsa suka sani. Bayansa shuɗi ne, cikinsa fari fat, hancinsa tsini, tsawonsa yakan kai mita 4. Jikinsa yana riƙe zafi fiye da ruwan da yake ciki, abin da ya ba shi gudun da babu wani shak mai irinsa, kusan kilomita 70 a awa idan ya zabura. In ƙugiya ta kama shi sai ya yi sama, ya bar ruwa gaba ɗaya, ya juya a iska, wani lokaci ma ya faɗo cikin jirgin masu kamunsa. Wannan tsalle ne ya jawo masa farin jini a wurin mutanen da ba yunwa ta kai su teku ba, kuma a kansa tsohuwar tambaya ta sake tasowa: ya halatta ɗan Adam ya wahalar da mai rai, ko ya kashe shi, don jin daɗi da neman suna kawai?

Fatsar mako ta yi suna ne a 1926, lokacin da marubucin Amurka Zane Grey ya je Bay of Islands a Niyu Zilan, ya kafa sansani, ya rubuta littafi a kan abin da ya kama. Attajirai suka bi sahunsa. A 1939 aka kafa ƙungiyar IGFA a Amurka domin ta riƙe kundin kifi mafi nauyi na kowane nau'i, Ernest Hemingway yana cikin mataimakan shugabanta. Ƙa'idojinta masu tsauri ne. Daga lokacin da kifi ya haɗiye ƙugiya, ba wanda zai taɓa sandar ko zaren sai mai fatsar shi kaɗai. Ba a harbin kifin da bindiga, ba a sukarsa da mashi. Dole a auna shi a kan tudu, da sikelin da hukuma ta tantance, a gaban shaidu, a aika da hoto da yankin zaren da aka kama shi da shi. Wanda ya duba waɗannan ƙa'idoji da kyau zai ga adalci ne suke tsarewa tsakanin mai fatsa da mai fatsa. Kifin shi nasa rabon ɗaya ne: shak mai kilo ɗari biyar ba ya hawa sikelin tudu da rai.

A Birtaniya cibiyar harkar ita ce Looe, ƙaramin garin masunta a Cornwall, inda aka kafa ƙungiyar masu fatsar shak ta ƙasar a 1953. A farkon shekarun 1960 abin da jiragen yankin suke saukewa a shekara ya haura 6,000, kusan duka shuɗin shak ne, wanda Turawan Ingila ba su damu da namansa ba. Mako tsiraru ne a cikinsu, shi ya sa kowane ɗaya ya zama labari. A 1955 Hetty Eathorne ta kamo shak mai laba 352, kimanin kilo 160, aka shigar da shi a matsayin wani ɗan'uwansa da ke zaune a ruwan sanyi, wanda masana ke kira Lamna nasus. Da aka duba haƙoran sai aka ga mako ne. A 1971 Joyce Yallop ta kamo mai laba 500, wato kilo 227, a kusa da hasumiyar fitila ta Eddystone, kuma har yau shi ne kambun Birtaniya. Bayan shekarun 1970 sunan mako ya kusan ɓacewa daga littattafan ƙasar, sai a Yulin 2013 aka kama wani a gaɓar Wales, aka ɗauki hotonsa, aka mayar da shi ruwa.

A Amurka abin ya fi girma. Fim ɗin Jaws na 1975 ya sa gasar kamun shak ta yaɗu a garuruwan gaɓar gabas irin su Montauk, ana sa kuɗi masu yawa a kan wanda ya fi nauyi. Kambun duniya na IGFA kilo 554 ne, laba 1,221, wanda Luke Sweeney ya kama a kusa da Chatham ta jihar Massachusetts a Yulin 2001. A Yunin 2013 an sauke wata mace mai kilo 600 a Huntington Beach ta Kalifoniya, amma a wannan karon hoton da aka watsa ya jawo zagi daidai da yabon da ya jawo.

Mai binciken wannan tarihi da abubuwa kaɗan yake aiki: littattafan ƙungiyoyi, tsofaffin jaridun garuruwan gaɓa, hotunan bakin tasha, da muƙamuƙan da iyalai suka busar suka rataye a bango. Labarin Eathorne ya nuna irin wahalar. In an yi kuskure a 1955, to an yi shi kafin nan sau da yawa, kuma ba a warware shi sai da gilashin ƙara girma a kan hoton da ya dushe. Haƙorin mako dogo ne, siriri, santsi, ya lanƙwashe ciki, yana leƙowa ko baki a rufe yake. Na ɗan'uwan nasa yana da ƙananan tsinaye biyu a gindi, akwai kuma farin tabo a bayan fiffiken gadon bayansa. Idan wanda ya ɗauki hoton ya tsaya ta gefen da bai dace ba, shaidar ta tafi ke nan. Akwai kuma gurguntakar da ta fi wannan: kundi yana rubuta ranar da aka yi sa'a, ba ya rubuta fitar da aka dawo hannu rabbana. Yana rubuta babba, ya bar ƙarami. Don haka ƙaruwar kamu a wata shekara tana iya nufin kifi ya yi yawa, tana iya nufin jirage ne suka yi yawa.

Duk da haka, abin da aka tara don alfahari ya koma shaida a kan masu shi. A 2009 Loren McClenachan ta auna kifayen da ke cikin hotunan masu fatsar nishaɗi na Key West a Florida daga 1956 zuwa 2007, ta samu matsakaicin nauyinsu ya faɗo daga kusan kilo 20 zuwa kilo 2.3. Allon rataye kifin bai sauya ba, murmushin masu hoton bai sauya ba. Masanin kifi Daniel Pauly ya riga ya bayyana dalili tun 1995: kowane ƙarni yana ɗaukar tekun da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin cikakken teku, sai asarar ta wuce ba wanda ya lura. Wannan ya shafi ɗabi'a kai tsaye, domin mutum ba ya jin nauyin ɓarnar da bai san an yi ba.

Halittar mako ita ta sa lissafin ya yi muni. Namiji yana balaga a wajen shekara 8, mace kuwa sai ta kusa 20. Tana ɗaukar ciki wata 15 zuwa 18, ta haifi 'ya'ya 4 zuwa 25, sannan ta huta, sai bayan shekara uku ta sake. Manyan nan da ake rataye wa a tasha kusan dukkansu mata ne, kuma mafi girma ita ta fi haihuwa. Gasar nauyi, ko masu ita sun nufa ko ba su nufa ba, gasar zaɓen uwaye ce. A 2019 ƙungiyar IUCN ta sa mako cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a Agustan shekarar kuma taron CITES a Janiba ya sa cinikinsa ƙarƙashin taƙaitawa. Masanan hukumar ICCAT, mai kula da kamun manyan kifayen Atlantika, sun lissafa cewa ko da an daina kamu ƙwata-ƙwata, makon arewacin tekun zai ci gaba da raguwa har 2035, saboda 'yan matan da ya kamata su balaga an riga an kwashe su. Amma laifin mafi girma ba na masu sanda ba ne. Jiragen kasuwanci, musamman na Sifaniya da Fotugal da Maroko, masu shimfiɗa mamari mai tsawon kilomita da dama da ƙugiyoyi dubbai, su suka kwashi kaso mafi tsoka.

A shari'ar Musulunci, asalin abin teku halas ne. Suratul Ma'ida ta halatta farautarsa da cinsa har ga mai harami, Suratun Nahli ta lissafa ɗanyen naman teku cikin ni'imomi, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa kuma ya halatta mushensa. Malikawa sun faɗaɗa wannan ga duk abin da ke rayuwa cikin ruwa. Mamakin girman kifi ma ba laifi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, waɗanda yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ya jefo musu ƙaton kifin anbar. Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinsa, aka ɗora dogon mutum a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi bai taɓa ba. Awo ne sosai, an yi shi a gaban shaidu, ya shiga littafi. Bambancin shi ne sun yi kwanaki suna ci, sun kai saura Madina, Annabi (SAW) ya ci. Awon ya biyo bayan abinci ne, ba don shi aka samo kifin ba.

Inda magana take shi ne niyya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin zaure ya sani, ta raba farauta biyu: ta wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba mubahi. Malaman mazhabar sun ƙara warware ta zuwa hukunci biyar. Tana wajaba a kan wanda iyalinsa za su halaka in bai fita ba, ana son ta don yalwata wa iyali ko sadaka, tana halatta don sana'a, ana ƙin ta don shagala, tana haramta idan ta zama ɓarna zalla ko ta sa aka tozarta farilla. Muhtasar na Halil ya haramta farautar dabbar da ake ci ba tare da niyyar yankawa ba. Tushen wannan hadisai ne sanannu. Ibn Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da su cewa an la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara. Nasa'i ya ruwaito cewa za a tambayi wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, haƙƙin kuwa shi ne a yanka a ci. Waɗannan nassoshi a kan dabbar tudu suka zo, kifi kuma ba ya buƙatar yanka, amma illar da suka dogara a kai, wato salwantar da rai a banza, ba ta tsaya a bakin ruwa ba.

Da wannan ma'auni, shak dubbai da aka rataye a tashoshi aka ɗauki hoto aka zubar ba su da mai kare su. Mako ya fi wuyar hukunci, domin namansa yana da daɗi, kuma da yawa daga waɗanda aka auna an yanka an raba. Mai fatsa zai iya cewa ya ci abin da ya kama. Sai dai wanda ya ƙona man jirgi na kuɗin da zai sayi nama na wata da watanni, ya saki ƙanana yana jiran wadda za ta karya kambu, ya san ba tukunya ce ta fito da shi ba. Cin naman ya fitar da shi daga haramcin ɓarna, bai fitar da shi daga karhancin wasa ba.

Akwai kuma fuska ta biyu da littattafan farauta na da ba su tsaya a kanta ba, domin a zamaninsu ba wanda ya zaci teku zai iya ƙarewa. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummai kamar mutane. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya fasa umartar kashe karnuka baki ɗaya saboda su ma al'umma ce daga cikin al'ummai, malamin hadisi Haɗɗabi kuma ya yi sharhi cewa abin da aka ƙi shi ne shafe wani jinsi na halitta, tunda babu halittar da ba ta da hikima a samuwarta. In haka ne, abin da yake mubahi ga mutum ɗaya yana iya zama abin hani idan taruwar masu yinsa za ta kai ga ƙarar da jinsin, kuma hukuma tana da ikon taƙaita shi don maslaha.

Sauran addinai sun zo kusa da nan. Malamin Yahudawa Yehezkel Landau na birnin Prague, a ƙarni na 18, da wani attajiri ya tambaye shi game da farautar nishaɗi, ya amsa cewa ko da ba a kira ta haramun kai tsaye ba, mafarautan da Attaura ta ambata Namarudu ne da Isuwa, kuma ba halin zuriyar Ibrahim ba ne. Koyarwar Cocin Katolika ta halatta amfani da dabba don ci da sutura, ta kuma ce sa ta wahala ko mutuwa ba da buƙata ba ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam.

Masu falsafa sun rabu. Jeremy Bentham a 1789 ya mayar da tambayar kan jin zafi, ba kan hankali ko magana ba. Kant bai ba dabba haƙƙi na kanta ba, amma ya ga mai muguntar dabba zuciyarsa takan bushe ga mutane. Mafi ƙarfin kariya ga farauta ta fito daga Ortega y Gasset na Sifaniya a 1942, wanda ya ce mafarauci na gaskiya ba kisan yake nema ba, komawa yake nema cikin tsarin halitta a matsayin mai farauta da abin farauta, kisan kuwa hatimi ne kawai. Hujjar tana da nauyi a kan mutumin da ke cikin ƙaramin jirgi da kifin da zai iya kifar da shi. Tana raguwa idan aka ƙara na'urar gano kifi, da bokitan jini da niƙaƙƙen kifi da ake zubawa don jawo shak, da kujerar da aka ɗaure mai fatsa a kai. Batun jin zafin ma ba a gama shi ba. Lynne Sneddon ta nuna a 2003 cewa wani kifin kogi yana da jijiyoyin gane rauni, James Rose da wasu suka musa cewa wannan ya kai jin zafi irin na dabbobin tudu, a shak kuma shaidar ta fi ƙaranci. Abin da ba a musu a kai shi ne kifin yana faɗa ne don ransa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Maganin da masu fatsa suka kawo shi ne kama-a-saki. Ƙungiyar Looe ta koma kansa, ta daina karɓar gawa a matsayin shaida. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2015 ya samu kusan tara cikin goma na makon da aka saki sun rayu, musamman idan an yi amfani da ƙugiya mai zagaye, wadda take kama gefen baki maimakon ta gangara ciki. Ta fuskar kare jinsi, wannan ci gaba ne babba. Ta fuskar niyya kuwa sai lamarin ya juye: an cire abinci, wanda shi ne uzurin, an bar wasan shi kaɗai. Abin mamaki, dokar Suwizalan ta 2008 ta isa inda Halil ya isa: ta hana jefa fatsa da niyyar sakin kifin. Dokar kare dabbobi ta Jamus ma tana neman dalili karɓaɓɓe kafin a wahalar da dabba, kotuna kuma sun fi karɓar ci a matsayin dalili fiye da nishaɗi. Mai kishin jinsi yana cewa a saki, mai kishin kifin da ke kan ƙugiya yana cewa in ba za a ci ba kada a soma. Tambayoyi biyu ne daban, kuma amsar ɗaya ba ta biyan ɗaya.

Wuri ɗaya da suke iya haɗuwa shi ne kamu don sa lamba. Tun 1962 hukumar kifi ta Amurka take raba wa masu fatsa lambobin da ake maƙala wa shak a sake shi, kuma da yawa daga abin da aka sani game da tafiye-tafiyen mako a Atlantika daga nan ya fito. A wani bincike na 2017 an bi mako 40 da na'urar tauraron ɗan'adam, 12 daga cikinsu suka ƙare a hannun masunta, adadin da ya ninka abin da rahotannin jirage suke nunawa sau da yawa. Irin wannan kamu yana da manufar da ta wuce shagala, amma da sharaɗin bayanan su isa hannun masu amfani da su. Lambar da aka maƙala don a sami hujjar fita teku ba ta sauya niyya.

Kashe babbar mace don a ga nauyinta a sikeli, a jinsin da ke raguwa, ba shi da mafaka a fiƙihu, ba shi da ita a falsafar jin zafi, ko a wurin Ortega ma da ƙyar ya samu. Cewa mamarin kasuwanci ya fi ɓarna gaskiya ne, amma yana nuna inda doka za ta fi matsawa ne, ba ya wanke kowa. Kanada ta hana riƙe mako a Atlantika a 2020. A Nuwamban 2021, bayan shekaru na jayayya da Kanada da Senegal suka jagoranta, Birtaniya da Gabon suna mara musu baya, ICCAT ta amince da hana riƙe makon arewacin Atlantika. Daga Yulin 2022 Amurka ta ɗora hanin a kan kowane jirgi, na kasuwa da na nishaɗi, a ruwanta na Atlantika, inda aka kafa kambun 2001.